Rumbu da Albashi: Tarihin Sauya Sana'a a Ƙasar Pauwa

Barin sana'a mai kawo kuɗi a koma wadda samunta bai kai na farko ba al'amari ne da ya daɗe a ƙasar Pauwa da kewayenta, wato yankin da a yau ya haɗa ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kudu maso yammacin Jihar Katsina. Falke yakan ajiye fatauci ya zauna karatu, mai sayen auduga yakan kama aikin koyarwa, ma'aikacin masaƙa yakan baro Kaduna ya dawo gona. A kowane zamani abu uku ake ɗorawa a ma'auni kafin a yanke shawara: abin da gida zai ci, da mutuncin da sana'ar ke jawowa, da natsuwar da mai yin ta yake samu. Tarihin yankin ya nuna cewa na farkon ne ke buɗe wa sauran biyun ƙofa. Wanda rumbunsa ke da hatsi yana iya bin abin da ransa ke so ko da kuɗinsa kaɗan ne. Wanda kuwa kullum sai ya yi awo a kasuwa ba shi da wannan sarari.

Ƙasa da gandu

Yankin yana cikin ɓangaren da ake kira Katsina Laka, inda ƙasa take da nauyi da riƙe ruwa, damina kuma ta fi ta arewacin Katsina tsawo. Dawa da auduga suna yi sosai, fadamu suna ba da rake da shinkafa. Tsofaffin garuruwa irin su Pauwa da Birnin Kogo da Maska da Gozaki sun tashi ne a kan wannan albarka, kuma har yanzu hakimin Ƙanƙara sarautar Sarkin Pauwa yake riƙe da ita.

Kafin zuwan Turawa, da kuma shekaru masu yawa bayan zuwansu, gandu ne ginshiƙin tattalin gida. 'Ya'ya maza da ƙanne suna aiki a babbar gonar maigida daga safe har wajen azahar, sa'annan kowa ya wuce gayaunarsa da yamma ko a ranakun da aka ware masa. Shi kuma maigida ciyar da kowa na wuyansa, da biyan haraji, da samar da fartanya da garma, da yi wa saurayi auren fari. Idan kaka ta wuce, aka ɗaure dammuna aka zuba a rumbu, kowa sai ya koma sana'arsa ta rani: saƙa, rini, ƙira, jima, dukanci, koli ko fatauci. Abin da mutum ya samu a sana'ar rani nasa ne, tuwon dare kuwa daga rumbun gandu yake fitowa.

Wannan tsari ya raba ci da samu. Tun da ba sana'ar rani ke ciyar da gida ba, mutum yana iya barin mai riba ya kama wadda ba ta kai ta ba, ba tare da an kwana da yunwa ba. Abin da ke taƙaita zaɓi a lokacin shi ne gado. Ɗan maƙeri a maƙera yake tashi, ɗan marini a karofi, kuma fita daga sana'ar iyaye abu ne da sai an nemi yardar manya. Sai dai karatu da fatauci ba su da shinge irin na sauran, kowa na iya shiga idan ya sami malami ko ubangida.

Falke da malami

Mafi daɗewar misali na barin samu mai yawa shi ne na falken da ya koma malanta. Fatauci mai nisa, musamman na goro zuwa Gwanja, shi ne hanyar tara dukiya a ƙasar Hausa. Ayari yakan shafe watanni a hanya da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, ya dawo da goro. Ribar tana da yawa, haɗarin ma haka: 'yan fashi, kuɗin fito, ciwon hanya, da ruɓewar goro. Malamin allo kuwa samunsa sadaka ce, da kuɗin Laraba, da zakkar hatsi a kaka, da abin da iyaye suka kawo ranar sauka, sai kuma taimakon almajirai a gonarsa. A lissafin kuɗi tsabarsu, ba a haɗa shi da falke.

Duk da haka, barin fatauci don karatu ba a ɗauke shi asara ba. 'Yandoto, wadda ke yamma da Faskari a cikin Zamfara ta yau, ta yi suna wajen ilimi tun kafin jihadin 1804, kuma tafiya neman karatu sananniyar hanya ce ga mutanen yankin. Malami shi ke raɗa suna, ya ɗaura aure, ya raba gado, ya sallaci gawa, ya sasanta masu rigima. Mahauci ko makaɗi yana iya tashi kasuwa da kuɗin da malami ba zai gani a wata ba, amma a ma'aunin wancan zamani ƙofar malami ake zuwa gaisuwa. Ga kuma ladan Lahira, wanda malami yake sawa a cikin lissafinsa da gaske.

Sharaɗin da aka saba kiyayewa shi ne lokaci. Mutum ba ya ajiye fatauci sai 'ya'yansa sun tasa sun iya riƙe gona, ko ya sami ƙane da zai karɓi jakuna da jari. Wanda ya yi gaggawa ya bar iyali ba abinci, ko da karatu ya tafi, ba ya tsira daga zargi, domin ciyar da iyali wajibi ne a shari'a, malamai kuma su ne farkon masu faɗin haka.

Auduga da aikin En'e

Bayan Turawan Ingila sun kama Katsina a 1903, haraji ya koma na tsabar kuɗin Bature, aka daina karɓar wuri. Neman kuɗin haraji ya tura samari ci-rani, wasu zuwa haƙar kuza a Jos, wasu zuwa Kano da Zariya da biranen kudu. Ga waɗanda suka zauna gida, auduga ce ta zama hanyar kuɗi. Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a 1902, ya buɗe injin gurzar auduga a Funtuwa. Irin audugar Amurka mai suna Allen, wanda aka shigo da shi a 1912, ya maye gurbin na gargajiya a kasuwannin awo. An kafa gonar yaɗa iri a Daudawa, cikin ƙasar Faskari, wadda ta zama cibiyar koyar da noman shanu. A 1929 jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda, ya sauƙaƙa fitar da kaya.

Auduga ta haifar da sababbin masu kuɗi: wakilan kamfanoni, da 'yan kamasho masu sayen ta daga hannun manoma, da masu motocin dako. A gefe guda mulkin En'e ya haifar da wani sabon abu da ba a saba da shi ba, wato albashin wata. Aka sami malamin haraji, malamin gona, malamin daji, malamin asibiti, malamin auduga mai duba daraja a kasuwa, da malamin makarantar elementare. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ita ce ta horar da manyan malaman boko na farko a Arewa, kuma daga hannun ɗalibanta ƙananan malamai suka fito.

Albashin ƙaramin ma'aikacin En'e bai kai abin da mai sayen auduga ke samu a kaka mai kyau ba. Abin da ya ja mutane zuwa gare shi shi ne tabbas. Kuɗin auduga sau ɗaya yake zuwa a shekara, yana kuma hawa da sauka da ruwan sama da farashin da hukuma ta yanka, musamman bayan an kafa hukumar cinikin auduga a 1949. Albashi kuwa ko an yi fari yana zuwa. Ga kusanci da hakimi, ga sunan malam da ake kiran ma'aikaci da shi. Mafi yawan waɗannan ma'aikata ba su saki gona ba. Malamin makaranta yakan tashi aiki ya wuce gonarsa, ko ya biya 'yan ƙwadago daga albashi, ta haka hatsin gida bai dogara da ƙarshen wata ba.

A wannan zamani ne kuma aka ga masu barin albashin kansa saboda aƙida. Malam Aminu Kano, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, ya ajiye aikin koyarwa a kwalejin horar da malamai ta Maru a 1950 ya shiga gwagwarmayar jam'iyyar NEPU, wadda ba ta da albashi mai tabbas. Labarinsa ya zama abin misali a Arewa ga duk mai ganin cewa aikin da zuciya ta gamsu da shi ya cancanci a jure ƙunci dominsa.

Shekarun Udoji

Daga 1972 zuwa 1976 abubuwa suka taru suka karkata ma'auni wajen albashi. Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza manoman Arewa, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙara musu rauni. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya cika baitulmalin gwamnati. Kwamitin Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi a 1974, aka biya ma'aikata a farkon 1975 haɗe da bashin watannin baya. Rediyo da keke da babur da kwanon rufi suka shiga gidajen ma'aikata a lokaci ɗaya, manomi yana kallo.

A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da kayan noma, ya kuma ɗauki malaman gona da direbobi da akawuna. Daga nan masara ta fara zama babban amfanin gona na sayarwa a yankin. Masu bincike da dama sun lura cewa manyan manoma ne suka fi cin moriyar shirin, domin su ke da kuɗin taki da hanyar samunsa.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Aka buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa gani ba, aka ɗebi matasa aka ba su horon gaggawa suka zama malamai. A shekarar ce kuma aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi. Masaƙun Kaduna, irin su KTL da aka buɗe a 1957 da UNTL da aka kafa a 1964, suna ɗaukar dubban ma'aikata, masaƙar Funtuwa ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970.

Gandu ya ji jiki a wannan lokaci. Saurayin da ke da albashi ba ya jiran uba ya yi masa aure, don haka ba abin da zai ɗaure shi a babbar gona. Tun a 1967 mai bincike Polly Hill ta gano a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, cewa gandu ya fi ɗorewa a gidajen manoma masu hali, a gidajen matalauta kuwa yakan watse da wuri domin uba ba ya iya sauke nauyin da ke kansa. Abin da wannan ke nufi shi ne, damar zaɓen sana'a don gamsuwa ba ta taɓa zama daidai ga kowa ba. Ɗan gidan da ke da rumbuna ya fi ɗan gidan da ke ƙwadago samunta.

Bayan 1986

Daɗin albashi bai daɗe ba. Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980 ta jawo rage ma'aikata da jinkirin biya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga mai hedikwata a Funtuwa. Naira da take kusan kunnen doki da dalar Amurka kafin shirin ta kai wajen 22 a dala ɗaya a farashin gwamnati a 1993. Mafi ƙarancin albashi na naira 125 da aka kafa a 1981 ya zama ba ya kai mutum ko'ina.

Malaman firamare ne suka fi shan wahala. Rashin biyansu a kan kari ya sa gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilimin firamare a 1988, ta rushe ta a 1991, ta sake dawo da ita a 1993. Da yawa sun bar aji sun koma acaɓa ko sayen hatsi a kasuwannin Ɗandume da Sheme da 'Yankara. Waɗanda suka tsaya, galibi masu gona ne a gefe, da kuma waɗanda koyarwa ta shiga ransu har ba sa iya rabuwa da ita. A nan sauyin ya juya: zama a aikin gwamnati shi ne ya koma zaɓin ƙaramin samu, kasuwa ta koma mai tsoka.

Rufe masaƙun Kaduna, KTL a 2002 da UNTL a 2007, ya dawo da wani rukuni gida ba da son ransu ba. Wanda ya riƙa aiko da kuɗin taki yana kula da gonar gado ya tarar da wurin sauka. Wanda ya sayar da rabonsa lokacin da albashi ke gudana ya dawo ya zama ɗan haya a garinsu.

Yadda gida ke lissafi

Ko da yake zamani ya sauya, hanyar auna wannan shawara a gidajen yankin tana da tsari sananne. Tambayar farko ita ce ta hatsi: buhu nawa gida ke ci daga kaka zuwa kaka, nawa kuma gona ke bayarwa bayan an fitar da zakka da iri da bashin taki. Idan hatsi ya kai, ragowar buƙatun kuɗi su ne cefane, makarantar yara, magani, suturar Salla, gudummawar biki da suna, da taimakon iyaye. Mai zama a gidan gado ba ya biyan haya, kuma wannan kaɗai yakan cike giɓin da ke tsakanin albashin birni da samun ƙauye.

Sai a duba watannin tsanani. Daga tsakiyar damina zuwa fitowar sabon amfani rumbu yakan yi ƙasa, farashin tiya ya hau, zazzaɓin cizon sauro ya yawaita, ga kuɗin noma da taki. Sana'ar da ba za ta riƙe gida a wannan tsakani ba, komai daɗinta, ba a sakin wata dominta.

Matan gida suna da babban matsayi a lissafin. A da kaɗin zare ne sana'arsu, daga baya man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da abincin sayarwa da ɗinki da kiwon awaki da tumaki, da adashi da ke tara musu jari. Amma dukiyar mace tata ce a shari'a da al'ada, miji ba shi da ikon sa ta a lissafinsa sai da yardarta. Saboda haka magidancin da zai koma ƙaramin samu yana bukatar ya zauna da iyalinsa tun kafin ya ajiye aiki, domin su ne za su fara ganin ragin a tukunya. Bayan su akwai iyaye, waɗanda albarkarsu ake nema, da aminai masu faɗin gaskiya, da istihara.

Ta ɓangaren gamsuwa, abubuwan da mutane ke ambata ba su cika sauyawa ba: zama kusa da iyaye tsofaffi, ganin tarbiyyar yara da ido, kuɓuta daga aikin da ake shakkar halaccin kuɗinsa, fita daga ƙarƙashin ubangida mai wulaƙanci, da jin cewa aikin yana amfanar jama'a. Masu barin aikin wani su kama nasu sukan kafa hujja da karin maganar nan, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne rufin asiri, wato gida ya ci, ya sa sutura, kada a kai ga roƙo. Masu dabara ba sa sauyawa dare ɗaya. Sukan fara sabuwar sana'ar a gefe shekara ɗaya ko biyu, su biya basussuka, su sayi shanun huɗa ko keken ɗinki daga albashin ƙarshe, su kuma daidaita barin aiki da kaka, lokacin da abinci ke gida.

Halin da ake ciki

Matsalar tsaro ta shekarun baya-bayan nan ta taɓa tushen wannan lissafi gaba ɗaya. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna bakin dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari, kuma suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba. Satar shanu ta raba manoma da shanun huɗa, garkuwa da mutane ta cinye jarin gidaje wajen biyan fansa, gonaki masu nisa da gari suka zama ba sa nomuwa. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Malamai da ma'aikatan lafiya da dama sun nemi a mayar da su Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina.

A kan wannan aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024, amma farashin abinci da taki da sufuri bai tsaya jiransa ba. Magidancin da a da zai iya karɓar aikin koyarwa a ƙauyensu ya cike da noma, yau idan gonar ba ta shiguwa dole ya nemi duk abin da ya fi kawo kuɗi, ko yana so ko ba ya so.

Asarar ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba. Ayyukan da al'umma ta fi bukata, koyarwa da jinya da limanci da malantar gona, su ne masu ƙaramin samu tun asali, kuma gona ce ta riƙa tallafa wa masu yin su fiye da shekara ɗari. Biyan albashi a kan kari da ƙara shi wajibi ne, amma a ƙasar Pauwa ba zai wadatar shi kaɗai ba. Sai manomi ya koma gonarsa lafiya, rumbu ya cika, kafin a sake samun mutanen kirki da za su zaɓi aikin amfanin jama'a alhali sun san kuɗinsa kaɗan ne.